Babbar Rigar Alhaji Tanimu a Gangaren Yara

Wani mutum ne a Gumel, Alhaji Tanimu, wanda babu abin da za ka ambata bai ce ya yi shi tun kana goye ba. Wata uku ya taɓa yi a Rasha wajen kwas ɗin gyaran tarakta, amma a bakinsa sun zama shekara bakwai.

Shi ya rako ƙanwarsa Dije Turkiyya, ta kawo 'yarta Rahane gashin ƙashi. Rahane shekararta goma sha tara, shan inna ta kama ƙafafunta tun tana rarrafe. Sai asibitin suka ce za su kai masu jinya wani dutse inda ake koya wa naƙasassu sulu a kan ƙanƙara. Wata kujera ce mai dogon falanki a ƙasa, a ɗaure mutum a ciki, a ba shi 'yan sanduna biyu, mai koyarwa na bin sa a baya riƙe da igiya.

Kwana uku Rahane ba ta da zance sai wannan. Dije kuwa tsoron abin take yi. Ta buga wa uban yarinya waya, ya ce duk abin da Alhaji ya yanke shi ke nan. Alhaji ya yanke cewa a je, amma igiyar Rahane babu mai riƙewa sai shi. In ba haka ba, a fasa.

A saman dutsen wata mata ta tarbe su, Nuran, mai ƙafa ɗaya, ita ce malamar. Alhaji ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi kujerar, ya ce wa Dije wannan ai kwandon kai tumatir kasuwa ne. Rahane ta fassara masa dokar wurin: duk ɗan uwan da ke son riƙe igiya, sai ya fara gangarowa shi kaɗai a gangaren yara an ga ƙafarsa. Ya yi dariya har da buga cinya.

Aka ɗaura masa falankai biyu. Nuran ta nuna babbar rigar da ya ɗora a kan rigar sanyi, ta ce a cire. Ya ce mutum da girmansa ba ya fita a tsuke kamar ɗan ƙwallo, kuma a Rasha ma da ita yake yi.

"Yaya, ka rufa mana asiri ka cire," in ji Dije.

"Ke Dije, lokacin da nake wannan harkar kina tallan gyaɗa."

Ya tura. Taku ɗaya, iska ta shige rigar ta cika ta fam kamar rumfar biki. Ƙafar dama ta nufi gabas, ta hagu ta ce ita yamma za ta. Fuuu, ya wuce yara, ya wuce iyayen yara, hula ta kama gabanta. Sai ji aka yi tim, ya faɗa ragar da aka shinge bakin gangaren da ita, ƙafafu a sama.

Da aka zaro shi, gemu fari fat da ƙanƙara, ya raɗa wa Dije cewa shi fa a talabijin ya taɓa ganin abin nan. Ƙafa ta yi targaɗe, ɗakin magani kuma yana can ƙasan dutse. Nuran ta jawo kwandon tumatir.

Rahane ta leƙo daga tata kujerar. "Kawu, tunda ba mai riƙe min igiya, a fasa ko?"

"Kowa ma ya riƙe," in ji shi.

Dije ta bi ta motar da ke tafiya a rataye a jikin waya, tana hango su daga sama, hannu a ƙirji. Ga Rahane can tana karkata dama, tana karkata hagu, wani malami riƙe da igiyarta, dariyarta har sama. Dije ta rasa kuka za ta yi ko guɗa, sai ta haɗa duka.

Ta iske su a ƙasa mutane sun kewaye kujerar Alhaji. Ido a runtse, ya ƙanƙame bel, yana ta salati, yana yafe wa mutanen Gumel ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Har ya kai kan mai shayin bakin tasha, sannan Rahane ta zungure shi da sandarta.

"Kawu, buɗe idonka. Tun ɗazu muka tsaya. Ga wata 'yar shekara shida nan tana jiran kujerar."