Ranar da na yi wa mataccen jirgi guɗa

Har a sa ni a kabari ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je Jidda tarbar surukata ba. Mu da ƙafa muka zo ƙasar nan, shekara huɗu muna tafe ta Chadi da Sudan, ita kuwa Inna aka ce jirgin sama zai kawo ta daga Kano.

To, na daɗe ina cika wa matan unguwarmu ta Tandabawi baki cewa na san jirgi ciki da waje tun zamanin yaƙin Turawa, muna Sudan. (Gaskiya ƙararsa na sani. Da ya taso, ƙarƙashin gado nake shigewa.) Saboda haka da maigidana Malam ya shiga ofishin filin jirgi neman labari, mata shida suka biyo bayana, ni ce jagora.

Can gefen fili na hango wani jirgi a kan dakalin siminti, an kewaye shi da sarƙa, hanci a sama. Na ce, "Ga shi nan, har ya sauka." Maƙwabciyata Kulu ta ce, "Yaya, wannan ɗan abin ne zai ɗauki alhazai?" Na ce, "Ke da ba ki taɓa gani ba, cikinsa zurfi gare shi."

Muka shimfiɗa tabarma, na kunna turaren wuta, na riƙo kwanon zamzam. Na kama hanci na rangaɗa guɗa har sau uku. Na matsa na ƙwanƙwasa fiffike: "Inna, sannunku da hanya, ku fito, mu ne." Tantabaru biyu suka fito.

Sai ga mai gadi, wani tsoho Basakkwace, yana tafe yana share hawayen dariya. Ya ce, "Ya Hajja, wannan na yaƙi ne, kujera ɗaya gare shi. Tun da yaƙi ya ƙare aka cire masa inji, aka ajiye shi don kallo."

Ashe Inna ta daɗe tsaye bakin ƙofa cikin rana, babu mai ba ta ko ruwa. Da muka iso ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, tun daga nan na ji guɗar. Na ce wace mai gata ce aka zo wa haka."

Daga ranar na koyi cewa "ban sani ba". Tana da ɗaci a baki, amma ba ta taɓa tara mini 'yan kallo ba.