Ta'aziyyar Yaya Sule

Me ya sa Malam, maigidana, bai taɓa yi mini faɗa a kan abin nan ba? Shekaru ina son in tambaye shi, har Allah Ya ɗauke shi ban tambaya ba.

Rediyonsa tsoho ne, mai kwalabe a ciki, sai sun yi ja kafin ya yi magana. Yakan kamo tashoshin Najeriya da sassafe, muryar tana zuwa tana komawa cikin shuuu. 'Ya'yanmu sun sha kawo masa sabo, ya ce muryar sababbin ba ta da nama. Ba ya yarda kowa ya kushe shi.

Safiyar da ba ta fita raina ita ce wadda ya tafi babbar kasuwa ya bar shi a kunne. Ina shara na ji ana sanarwar rasuwa: "Alhaji Sule mai..." sai shuuu, "...Fagge." Wan Malam ke nan, Sule mai hula! Na yar da tsintsiya na kurma ihu. (Waya tana kan tabarma, ban ko dube ta ba. Ke mai rubuta mini labarin nan, rubuta haka, kar ki gyara mini.)

Kafin azahar matan unguwarmu ta Ambassatna sun cika gidan, an shimfiɗa wa maza tabarmi a waje, an ɗora shayi. Malam ya dawo, liman ya tare shi da "Allah Ya ji ƙansa."

"Wa?"

"Yayanka."

Ya ciro waya ya kira Kano a gaban kowa. Muka ji Yaya Sule da bakinsa cike da abinci: "Wai ni na mutu? To wa ya ci gadon?"

Na so ƙasa ta tsage. Matan nan duk suka juyo suna kallona.

Malam ya shiga ɗaki ya fito rungume da rediyon. Ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, ga mai laifin. Kwalbarsa ɗaya ta gaji, ni ma jiya ya ruɗe ni." Wallahi lafiyar rediyon ƙalau. Aka yi ta yi masa dariya har watanni, ana kiransa mai rediyon kashe mutane. Ni kuwa ba wanda ya ƙara tayar mini da maganar.

Allah Ya saka masa. Ina kuka yanzu ma, bar ni.

Ranar da zai cika ina riƙe da hannunsa, numfashinsa yana zuwa yana komawa. Ya buɗe ido ya ce, "Hajiya, wannan karon ki tabbatar tukuna kafin ki tara mutane."