Basir ɗin Aro

Wani ne a Ƙofar Kware, ɗan kabu-kabu, matarsa Hajjo ta haihu. Sati uku da haihuwa basir ya sako ta gaba, zama ya gagara, sai a kishingiɗe take ba jariri nono. Ga shi ba ta yi arba'in ba balle ta fita. Maƙwabta kowa da jiƙon da yake kawo mata, ta ce ba ta shan komai sai an tambayi asibiti, kada abin ya bi ta nono ya taɓa yaro. Sai ta aiki gogan naka, ta ja masa kunne har sau uku: ya tabbata ya faɗa musu tana shayarwa.

Ya isa ƙaramin asibitin unguwa, ya tarar benci cike da idon sani, har da ƙanin surukinsa. Tsakanin bencin da teburin nas ɗin, Malama Monica, labule ne kawai. Ta tambaye shi wa ba shi da lafiya.

Mutumin ya dubi labule. Haba, ya tona asirin matarsa a gaban dangi? Wallahi gara a yanka shi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne, basir ke damunsa.

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin suna."

Ta tambayi abin da yake ci. Ya ce kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji, safe da marece. Monica ta ɗago kai ta ƙare masa kallo. Ta ce ya rage yajin nan, ya yawaita shan ruwa, ya riƙa cin zogale da gwanda, ya daina yunƙuri a bayan gida, kuma ya riƙa zama cikin bahon ruwan ɗumi. Ta ɗauki biro za ta rubuta magani.

Nan fa jan kunnen Hajjo ya faɗo masa. Ya matso, ya yi niyyar raɗa, amma muryar da ta saba kiran fasinja a bakin kasuwa ba ta san raɗa ba.

"Malama, a rubuta wanda bai taɓa nono. Ina shayarwa."

Duk benci ya ji. Can wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu, duniya ta zo ƙarshe!"

Monica ta cije leɓe ta ce to, irin wannan babban lamari sai an duba. Ta kira abokin aikinta Habila, ƙato ne, ya shigo yana zura safar hannu. Ita a zatonta da ya ga safa zai faɗi gaskiya. Ina! Bawan Allah ya ga ya riga ya yi nisa, ya yi shahada ya bi Habila ɗaki.

Jim kaɗan Habila ya fito yana girgiza kai. Ashe shi ma yana da basir ɗin, har ya yi ƙwari. Wuni a kan babur, ga rabin naman jegon Hajjo shi ke lamushewa, me ake jira? Aka ba shi nasa maganin, aka ce kada mai jego ta taɓa shi, a kawo ta gobe a duba ta da kanta.

Ya komo gida yana tura babur, don yanzu da ya sani, zama ya gagare shi shi ma. Labari kuwa ya riga shi isowa. Ya tarar Hajjo a kishingiɗe, jariri na tsala kuka. Ya fara kame-kame, wai ai don ya rufa mata asiri ne.

Ta miƙo masa yaron.

"Ungo ɗanka, yunwa shika ji. Ni bari in huta, tunda duk Ƙofar Kware ta shaida kai ka shayarwa."