Rasuwar Rigar Fatar Darryl Petrie

Da zuciya a karye da ido jawur, ni Darryl Petrie nake sanar da 'yan'uwa masu tseren babur na garin Broken Hill rasuwar rigar tserena, wadda ta cika ranar Asabar a bakin layin tashi, a gaban jama'a.

Marigayiya fatar dabbar kangaru ce tsantsa. Tun ina saurayi muke tare. Ta sha birgima a kwalta domin fatata ta tsira, ba ta taɓa yi mini gori ba. Ta san kowace kwana a filin nan, ta san inda ake sakin wuta da inda ake kama birki. Wannan ilimi ba a samunsa wurin ɗaga ƙarfe, ko da 'yata Bronte ta ƙi yarda.

Ciwon ajalinta ƙanƙancewa ne. Duk shekara sai ta ƙara matsewa, musamman wajen ciki, har likitoci suka rasa gane kanta. Matata Noelene ta ce, "Darryl, rigar lafiyarta ƙalau, gasasshen nama da giya ne ke kashe ta." Na yafe mata, ba ta san fata ba. Bronte ma kullum da safe sai ta leƙo: "Baba, taso mu yi gudu." Gudu kuma? To babur ɗin aikin me zai yi?

A kwanakinta na ƙarshe takan yi nishi, ƙiiiƙ, in ana jan zif. Ranar Asabar na sunkuya zan tashi, sai ta ce ɓaaar! tun daga wuya har inda ba a faɗa. Alƙalin tsere ya cire hula, kafaɗunsa na rawa. Kuka ne, na tabbata.

Ta bar takalma biyu, hular kwano, da babur mai lamba sha bakwai wanda ba a hawa sai da ita.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan gareji, daidai lokacin babban tseren shekara, don haka ba zan samu hawa ba. Bana kawai? A'a. Wallahi abin ya yi mini ciwo, amma na gama da tsere. Bronte ce za ta hau sha bakwai. Masu ta'aziyya su same ni bayan shingen kwana ta uku. In kun ji ina ihu, makoki ne.