Boris ɗin Tangaran

"Lafiya lau, tunda ban mutu kin ci gado ba," in ji Wendell ga jikarsa, ko ɗagowa bai yi ba.

Ƙanƙarar tafkin ta narke. Ya kwance tayar 'yar tirelar da yake ja da mota, mai ɗaukar jirginsa na kamun kifi, yana wanke boris, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, cikin robar kananzir. Jikarsa Darcy ta dire masa ɗan kwali.

"Gadon me, tsatsa? Ga boris na tangaran na sayo maka. Ruwa ba ya cin sa."

"Tangaran! Shayi zan sha a ciki?"

"Tsoho, wannan naka na ƙarfe ai ya girmi uwata."

"Ya kuma fi ta jin magana. Ƙarfe in zai mutu sai ya yi kuka, ya ɗau zafi. Naki shiru zai yi, ya tarwatse a tsakiyar titi. Mugu ba ya sallama."

"Wa ya tsunduma taya da zafinta cikin ruwan sanyi bara, ta zuƙi ruwa har giris ya koma madara?"

"Kifi ke kirana."

"Kifin da ya fi ka haƙora."

Ya san ba kyauta ta kawo ta ba. Uwarta ta rantse muddin ya kasa wannan aikin bana, sai an sayar da jirgin, shi ne ta turo 'yar leƙen asiri da kwali a hannu. Don haka ya ƙi fito da hannayensa daga kananzir, kada a ga rawar da suke yi.

"Tsamo shi mu gani mana."

Ya tsamo. Boris ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin mota.

Darcy ta durƙusa ta lalubo shi, ta daɗe tana juya shi a haske.

"Ko tabo babu," ta ce. Ta naɗe hannun riga, ta dumbuzo giris a tafinta. "Matsa. Ni hannu, kai baki, dama shi kaɗai ya rage maka. In Mama ta tambaya, kai ka yi."

"'Yata za ki yi wa ƙarya, ja'ira?"

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wa ya ce ya taɓa kama kifi mai tsawon ƙofa?"

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya lalubo makullin mota da ƙyar, ya tura mata cikin aljihu.

"Gobe ke ce direba. Ki yi ribas a hankali. Jirgi ake sawa a tafkin, ban da mota."