Ƙwayoyin da Na Tara a Hula

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da kwanciyata a asibiti ba, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ciwon ƙirji ya kawo ni daga Ƙarfi ana tsakiyar tsinkar auduga. Yayana ya ajiye ni ya koma gona, tun daga ranar ban sake ganin fuskar da na sani ba.

Kowane gado da mai jinya, ni kuwa daga ni sai bango. Abin da ya fi ci mini rai, nas ɗinmu, Sista Saratu, takan yi wa maƙwabtana allura, ni ta miƙo mini 'yan ƙwayoyi farare. A ƙauyenmu kuwa allura ce magani, mai zafin ma ta fi. Sai na ce a raina, wato don ba ni da kowa aka raina ni!

Na yi zuciya. Ta ba ni, in kai baki, in kurɓi ruwa, tana juyawa in cusa su a ninkin hulata. (Wai ni nan horon asibiti nake yi.)

Ranar da likita ya zo zagaye, na ga ai rashin tarbiyya ne babba yana tsaye ina kwance. Na sauko na durƙusa, na sunkuyar da kai: "Ranka ya daɗe." Hula ta faɗo. Wayyo ni! Ƙwayoyi suka watse a siminti, har ƙarƙashin gadon wani tsoho ɗan Bakori, wanda ya leƙa ya ce, "Yaro, iri kake tarawa?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Na waiga neman wanda zai ce a bar shi haka, babu.

Sista ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a hankali, "Malam, da ka sha, da tuni kana gida."

Wannan maganar ta fi allura zafi. Na ƙara mako biyu, kullum sai na wangame mata baki ta duba kamar ɗan yaye. Har aka kai auduga Funtua babu ni.

Yau ko jikata ce ta ba ni magani, haɗiyewa nake yi. Na gane in ka yi fushi da magani, ciwo ne kaɗai ke jin daɗi.