Dakta Ɗayyabu da Jan Ruwan Kwalba

Wani mutum ne ana ce masa Dakta Ɗayyabu, wanda in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya raɗa wa kowace ƙwayar cuta suna. Digirin dakta kam ya yi, ba mai ja. Amma tun da ya leƙa Turai ya dawo, ko mai shayin unguwarsu bai huta ba. Atishawa in ka yi kusa da shi, sai ya gyara tabarau ya ce, "Wannan bairos ɗin na san shi. Mun zauna da shi a Jamus."

Ana nan sai wata cibiyar bincike ta fitar da gurbin fosdok, wato aikin shekara biyu da ake ba wanda ya gama digirin dakta don ya ƙara gogewa. Binciken kuwa a kan garkuwar farko ne, wadda ake haihuwar mutum da ita, mai tarar bairos tun daga bakin ƙofa. Gurbi ɗaya tak. Mutum biyu aka kira ganawa: Ɗayyabu da wata Dakta Sahura, mace mai sanyin magana.

Shugabar ɗakin binciken, Farfesa Asabe, ta tambayi Sahura aikin sinadarin jikin da ake kira intaferon. Sahura ta fara, "Ranki ya daɗe, in bairos ya shiga ƙwayar halitta, sai ta saki intaferon don ta gargaɗi maƙwabtanta..."

Caraf Ɗayyabu ya karɓe. "Ranki ya daɗe, wannan ai karatun 'yan aji ɗaya ne. Ni shekara biyar ina kama bairos da ransa. Turawa har layi suke yi su ga hannuna."

"Madalla," in ji Farfesa. "To mu ma mu je mu gani."

Aka shiga ɗakin gwaji. Malam Haladu, dattijon da ya yi shekara talatin yana kula da kayan ɗakin, ya miƙa wa kowa farar riga da safar hannu. Ɗayyabu ya yafa tasa a kafaɗa kamar alkyabba, ko maɓalli bai saka ba.

"Dakta, a saka rigar a sa maɓalli," in ji Malam Haladu.

"Baba, bar wa masu koyo."

Aka ajiye musu ƙananan kwalabe masu jan ruwa. Farfesa ta ce kowa ya ɗebi ɗigo goma da bututun awo ya zuba a wata kwalbar. Sahura ta yi nata tsaf, ta koma gefe.

Ɗayyabu ya ɗaga tasa kwalbar sama, ya kanne ido ɗaya. "Allahu Akbar! Daga kalarsa na gane shi. Wannan mai zafin ne, mai sa zubar jini. Kwana uku ya gama da ƙato. Ku matsa baya!"

Farfesa ta dubi Malam Haladu. Malam Haladu ya dubi silin.

To ka san shi Ɗayyabu, in ya faɗi magana shi ne farkon mai yarda da ita. Nan take ya tsorata da abin da ke cikin kwalbar. Ya damƙi bututun kamar mai riƙe muciya. Ya murɗa murfin kwalbar, ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi. Fau! Murfi ya yi sama, ruwa ya yi tsalle, facal a gemunsa da gaban kaftaninsa.

"Wayyo Allah! Na mutu! Ya taɓa leɓena!"

Ya yi wurgi da farar riga. Hula ta yi gabas, tabarau ya yi yamma. Ya tuɓe kaftani, ya tuɓe wando, ya ruga kusurwar ɗakin inda famfon wankan gaggawa yake, ya finciko sarƙar. Shaaa! Ruwa ya sauko masa, daga shi sai gajeren wando.

"Ranki ya daɗe, ki cece ni! Allura! Kowace iri ce!"

Farfesa ta ce, "Haba Dakta, shekara biyar kana kama shi da ransa?"

"Wace shekara biyar! Wata uku na yi, wallahi! A kwamfuta aka ajiye ni ina shigar da lambobi. Ɗakin bairos ɗin ta taga nake leƙensa! Ku kira mini Inna, ku ce ta yafe mini. Ga shi nan, har na fara jin zazzaɓin!"

Sahura ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Farfesa ta juya gare ta ta ce, "Dakta Sahura, ki zo ranar Litinin ki fara aiki."

Malam Haladu ya tako a hankali, ya rufe famfon. Ya tsaya yana kallon Ɗayyabu, wanda ke ɗiga kamar kazar da ta faɗa randa.

"Dakta," ya ce, "wa zai ba baƙo bairos ranar farko? Ruwan famfo ne da kalar alawa, ni na haɗa shi da safe."

Sai ya miƙa masa tsumma da bokiti.

"Goge mana wajen kafin ka sa wando. Ɗalibai na bakin ƙofa."